Kirib ko Ram: Wane Ƙaramin Siklid Zai Iya Zaman Sakkwato?

Ɗan ƙanwata da ke zaune a Mabera ya same ni bayan la'asar da waya a hannu, ya nuna mini hotuna biyu da wani mai sayar da kifin ado ya turo masa daga Legas. Ya ce, "Kawu, wanga mai shuɗi nika so, amma an ce mini wancan mai jan ciki ya fi ƙwari. Wane za ni saye?" Na ce masa ya zauna tukuna. Kafin mu yi zancen launi sai ya gaya mini ɗakin da zai ajiye akwatin gilashin, da irin ruwan da ake amfani da shi a gidansu, da awa nawa suke samun wuta a wuni.

Kifayen nan biyu 'yan gida ɗaya ne, gidan da masana ke kira siklid, kuma gidan ba baƙonmu ba ne, domin karfasar da masunta ke fitowa da ita daga Gulbin Rima 'yar cikinsa ce. Wanda ya taɓa tsayawa bakin ruwa marar zurfi ya ga namijin karfasa ya share gurbi a yashi yana korar duk abin da ya raɓi wurin, ya riga ya san halin dangin: son mallakar wuri, kishin 'ya'ya, da wayon da ba a saba gani wurin kifi ba. Waɗannan na ado dai ƙanana ne, ba su cika wuce tsawon yatsa ba, shi ya sa akwatin cikin ɗaki yake isarsu.

Mai jan cikin shi ne kirib, wasu su ce kiribensis, sunansa na kimiyya Pelvicachromis pulcher. Ɗan ƙasa ne. Asalinsa ƙoramu da fadamun kudancin Najeriya, yankin Neja Delta, har zuwa gaɓar Kamaru, kuma daga garin Kribi na Kamaru aka samo sunan da ake kiransa da shi a kasuwa. Tun 1901 masanin kifi George Boulenger ya rubuta bayaninsa. Namiji yakan kai santimita 10, mace 7 zuwa 8. A wannan kifin macen ce mai kwalliya: idan ta shirya yin ƙwai cikinta yakan rine ya koma kamar ruwan zoɓo, ta lanƙwashe jiki gaban namijin tana karkarwa don ya gani. Idan ya samu kulawa yakan yi shekara biyar.

Mai shuɗin kuwa ram ne, Mikrogeophagus ramirezi, wanda aka fara rubuta bayaninsa a 1948. Daga filayen kogin Orinoko yake, a ƙasashen Benezuwela da Kolombiya, inda yake zama a tafkuna marasa zurfi da rana ke duka wuni sur, ruwan da ɗumi, da ɗan tsami, ba gishirin ƙasa a cikinsa. Tsawonsa santimita 5 zuwa 7. Jan ido, baƙin zane da ya ratsa idon, ƙirji ruwan ɗorawa, sauran jiki kamar an yayyafa masa shuɗin ƙyalli. Ban ga laifin yaron ba da ya so shi. Sai dai rayuwarsa gajera ce, shekara biyu zuwa uku.

Mu fara da zafi, tunda shi kowa ke fara tunawa idan an ce Sakkwato. Ram yana son ruwa mai digiri 27 zuwa 30, kirib kuma 24 zuwa 27. Duk wanda ya ga waɗannan lambobi zai ce ai magana ta ƙare, ram shi ne kifin garin da zafinsa ke haura 40 daga Maris zuwa Mayu. Haka ni ma na lissafa karon farko. Na kawo guda huɗu da damina, suka zauna lafiya, suna fitowa gaban gilashi da sun ga inuwata. Sai hunturu ya shigo. Wani dare a Disamba aka ɗauke wuta tun bayan isha'i, da na dawo daga sallar asuba na haska ma'aunin zafin da ke manne jikin gilashi, sai na ga 21. Kifayen sun lafe a kusurwa, sun tattare fiffikensu, launinsu ya dushe. Bayan kwana uku fararen ɗige-ɗige kamar an barbaɗa gishiri suka feso musu a jiki. Kafin mako biyu uku sun mutu, kuma har yau ina jin zafin abin, don ni na kawo su inda ban tanadar musu ba.

Abin da na manta shi ne garinmu fuska biyu gare shi. Wanda ke ƙona mu a Afrilu shi ne kuma sanyinsa ke sauka kusan 15 da dare a Janairu. Ram da ruwa ya sauka ƙasa da 25 garkuwar jikinsa sai ta fara karyewa. Kirib a 22 ko 23 zai rage kai-komo, ya rage cin abinci, amma zai ga bazara.

To da bazarar fa? A nan ram ya fi kirib juriya, wannan gaskiya ne. A ɗaki mai rufin kwano ruwan akwati yakan kai 32 ko 33 da yamma, kuma babu ɗayansu da ke jin daɗin haka, amma kirib ne zai fara haki. Sai dai ga lissafin da ya sa na karkata. Sanyaya ruwa a Sakkwato ya fi ɗumama shi sauƙi nesa ba kusa ba. Iskarmu ta bazara busasshiya ce, kuma dabarar da ke sa ruwan randa yin sanyi ita ce ke aiki a nan: ka buɗe murfin akwatin, ka kafa ƙaramar fanka tana hura saman ruwan, tururin da ke tashi zai sauko da zafin da digiri 2 zuwa 3. Fankar caji ta isa wannan aikin. Hita kuwa, ƙa'idar da ake bi ita ce kamar wat ɗaya ga kowace lita, wato akwati mai lita 80 yana neman hita mai wat 75 zuwa 100, kuma da tsakar dare ake buƙatarsa, lokacin da ba rana, wutar ma ba tabbas. Wanda ba shi da sola mai batir mai ƙarfi, sai ya dinga lulluɓe akwatin da bargo yana jefa gorar ruwan ɗumi a ciki. Wannan yana ceton dare ɗaya ko biyu. Ba ya riƙe wata biyu na hunturu.

Akwai abin da ke tafiya tare da zafi wanda ba a gani. Ruwa mai digiri 20 yana iya riƙe iskar oksijin kusan miligiram 9 a kowace lita, a digiri 30 kuwa bai fi 7 da rabi ba, ga shi a lokacin ne jikin kifin ya fi buƙatarta. Yawancin kifin da ake cewa zafi ya kashe, shaƙewa ya yi bayan an ɗauke wuta matatar ruwa ta tsaya. Ko wanne ka zaɓa, sayi ƙaramin famfon iska mai aiki da batirin cajin waya tun kafin ka sayi kifin. Kuma kada akwatin ya jingina da bangon yamma ko ya zauna ƙarƙashin taga. Ɗakin da ya fi sanyi a gidan, nan ne wurinsa. Babban akwati ma ya fi ƙarami, saboda ruwa mai yawa ba ya saurin ɗaukar zafi ko sanyi.

Sai maganar ruwan kansa, kuma a nan ne tazarar ta fi faɗi. Yankinmu yana da dutsen farar ƙasa, shi ne ma dalilin kafa masana'antar siminti a Kalambaina, saboda haka ruwan rijiya da na burtsatse a wasu unguwanni yakan zo da gishirin ƙasa mai yawa. Alamarsa a fili take: sabulu ba ya kumfa sosai, kuma gindin butar shayi yakan yi farin ɓawo. Amma ruwa ya bambanta daga gida zuwa gida, don haka kada ka yi aiki da zato. Takardar gwajin ruwa da ake tsomawa ba ta da tsada, za ta nuna maka ma'aunin tsami da ake kira pH da kuma yawan gishirin. Ram yana son pH 6 zuwa 7 da ruwa marar gishiri, kuma a ruwa mai nauyi, wato mai gishirin ƙasa da yawa, ƙwansa sau da yawa ba ya ƙyanƙyashewa. Kirib, musamman wanda aka haifa a akwati, yana zama daga 6 har zuwa 7.5 ko ɗan sama, ya ci, ya yi ƙwai, ya yi renon 'ya'yansa.

Za ka ce a tari ruwan sama, tunda shi ba gishiri. Haka ne, muddin an bar ruwan farko ya wanke ƙurar rufi. Amma yi lissafi. Ram ba ya jure daɗaɗɗen ruwa, dattin da ake kira naitiret ba a so ya wuce miligiram 20 a lita, don haka dole a sauya kashi ɗaya cikin huɗu duk mako. A akwati mai lita 80 jarka guda ke nan mai lita 20. Daga Oktoba zuwa Mayu ba ruwan sama, wata takwas, wato jarka fiye da 30. Ko da za ka gauraya rabi da rabi da na rijiya, sai ka tanadi fiye da lita 300 a rufe. Ƙara da cewa fankar nan da muka yaba tana tafiya da ruwa ta bar gishirin a ciki, idan kana cikawa da na burtsatse kullum nauyin ruwan ƙaruwa yake yi. Ruwan famfo kuma yana da kulorin, sai an sa maganin kashe shi ko an bar shi ya kwana ɗaya ko biyu a buɗe ana hura masa iska. Na 'yan ga-ruwa kuwa yau daga nan, gobe daga can, kuma ram ba abin da ya tsana kamar sauyi.

Inda kirib ya gaza shi ne hali. Kafin ya yi ƙwai lafiya lau yake zama da kowa. Ranar da macen ta shige kogo ta manna ƙwanta a rufinsa, rabin akwatin ya zama nasu. Na ga namijin kirib ya tara sauran kifayen a kusurwa guda kusa da saman ruwa, ba mai saukowa sai ya sha karo. Maganin abin shi ne fili da shinge: akwati kada ya gaza santimita 80 a tsawo, yashi mai laushi a ƙasa, kogo biyu ko uku nesa da juna, da itace da tsirrai da za su katse gani. Ƙaramar tukunyar ƙasa da aka fasa wa ƙofa ko ƙoƙon kwakwa da aka dafa sun isa kogo. Dutsen da za ka sa, ɗiga masa ruwan khal, idan ya yi kumfa farar ƙasa ce, ajiye shi waje.

Amma fa ladan wahalar yana zuwa. Kamar mako guda bayan ƙwan, wata safiya za ka ga uwar ta fito daga bakin tukunya, ƙananan abubuwa kamar tsaba suna biye da ita ƙasa-ƙasa, uban yana zagaye daga gefe kamar makiyayi. Ka motsa hannu kusa da gilashi, ta girgiza fiffike sau ɗaya, gaba ɗaya su faɗa kan yashi su yi tsit. Da magariba ta kwashe su da baki ta mayar ɗaki. Ram ya fi sanyin hali, a kan shimfiɗaɗɗen dutse yake zuba ƙwai a sarari, sai dai sau da yawa iyayen kan cinye abinsu, musamman waɗanda aka ƙyanƙyashe a manyan gonakin kifi ba tare da reno ba. Kuma irin da aka sarrafa don launi, kamar mai shuɗi zalla da mai kumburarren ciki, sun fi na asali rauni. Ko wanne ne, namiji ɗaya da mace ɗaya. Kada a haɗa kirib da ram a akwati guda, dukansu ƙasan ruwa suke mallaka, kuma ram ne zai kwana ciki.

Akwai wasu uku da mai sayarwa zai iya tallata maka. Ram na Bolibiya, Mikrogeophagus altispinosus, ya fi ɗan'uwansa ƙwari da haƙurin ruwa, amma bai son ya wuce 27, bazararmu za ta gajiyar da shi. Apistogramma cacatuoides na ƙasar Feru, mai tsayayyen fiffike kamar tukku, namiji ɗaya ne da mata biyu ko uku, kuma a ruwa mai zafi 'ya'yansa sukan fito yawanci maza. Wanda ruwan gidansa ya yi nauyi ƙwarai, sai ya duba Neolamprologus multifasciatus na tafkin Tanganyika, ɗan mitsitsi mai kwana cikin kwanson dodon koɗi, wanda irin wannan ruwan ne ma abin sonsa. Shi kuma tafkinsu ba ya sauya zafi sosai, don haka sai mai ɗakin da ba ya wuce 28.

Hukuncina ke nan: mai farawa, mai ruwan burtsatse, mai wutar da ba tabbas, ya ɗauki kirib. Ram na wanda ya riga ya iya riƙon akwati ne, yana da solar da za ta ɗauki hita har asuba, yana kuma da hanyar samun ruwa marar gishiri shekara duka.

Sai dai zaɓen kifi rabin aikin ne. Yadda ake shigar da shi yana kashe fiye da yadda zafi ke kashewa. Sabon akwati ba gida ba ne tukuna. Kashin kifi yana zama amoniya, ita kuwa guba ce, kuma wasu ƙwayoyin bakteriya da ke zama a soson matata su ke mayar da ita naitirait, sannan naitiret mai sauƙin illa. Kafin su yi yawan da za su iya aikin ana ɗaukar mako 4 zuwa 6. Ka cika akwatin, ka kunna matata, ka dinga jefa ɗan abincin kifi yana ruɓewa, kana gwadawa, sai amoniya da naitirait sun koma sifili. In kana da abokin da akwatinsa ke lafiya, roƙi guntun tsohon sosonsa, zai rage maka kwanaki. Kuma soson nan ba a wanke shi da ruwan famfo, da ruwan da aka ɗebo daga akwatin ake matse shi.

Ranar da kifin ya iso, hanya biyu ce a gabanka, kuma ba kowace ce ta dace da mu ba. Ta farko ita ce a buɗe leda, a dinga ɗiga ruwan akwati a ciki kaɗan-kaɗan na kusan awa guda har kifin ya saba. Wannan tana da kyau idan daga cikin gari ka karɓo shi, tafiyar minti 30. Amma kifin da ya taso daga Legas, tafiyar kusan kilomita 1,000 a mota, ya kwana a leda, labarinsa daban ne. Numfashinsa ya sa ruwan ledar ya yi tsami, kuma tsamin ne ke danne amoniyar da ta taru a ciki ta kasa cutar da shi. Da ka kwance bakin ledar iskar ta fice, tsamin ya ragu, amoniyar ta tashi. In ka ƙara masa ruwan burtsatse mai pH sama, wato marar tsami, kana jira awa guda, da hannunka kake ƙona masa sassan da yake numfashi da su. Ga irin wannan kifin, ka kashe fitilar akwati, ka ɗora ledar a rufe kan ruwa minti 15 zuwa 20 zafinsu ya daidaita, sannan ka buɗe, ka juye a roba ta kan koma, ka saki kifin nan take, ruwan ledar kuma ka zubar. Kada ka ba shi abinci sai gobe. Kuma kada a yi odar kifi a Afrilu ko Mayu. Agusta ya fi, lokacin da gari ya yi sanyi kuma akwai sauran watanni kafin hunturu.

In akwai kifi a gidan tun da, sabon ba ya shiga cikinsu kai tsaye. Riga-kafi ya fi magani. Baho mai tsabta mai lita 20 ko 30, da famfon iska, da guntun soso daga babbar matata, da tukunyar ɓuya, sun isa ɗakin killacewa. A bar shi nan mako 3 zuwa 4 ana duba shi kowace safiya: fararen ɗige, goga jiki da dutse, farin kashi mai tsawo kamar zare, ramammen ciki, ƙin cin abinci. Komar da ta shiga bahon ba ta shiga babban akwati.

Tsarin shigowa ma yana da muhimmanci. Ƙananan kifayen saman ruwa su ake fara sawa, shida ko takwas, domin siklid yana kallon su ne ya san ko gari lafiya, in suna yawo shi ma sai ya fito. Tare da ram, ƙaramin kifin da ake kira tetra, irin kadinal, ta fi, don tana ɗaukar ɗumi, ita kuwa tetra irin niyon ba ta jure zafinmu. Siklid shi ne na ƙarshe, bayan mako biyu. In kuwa dole ce ta sa za ka kawo wa tsohon namiji sabuwar mace, ciyar da shi tukuna, ka sauya wa tukwane da duwatsu wuri yadda zai rasa gane iyakarsa, ka sake ta da dare fitila a kashe. Washegari ka zauna ka kalla. Ɗan kora da buɗe fiffike ba komai ba ne. Amma in ka same ta a maƙale bayan matata kusa da saman ruwa, jela a yage, cire ta ranar nan, ko ka raba akwatin da raga su yi mako suna ganin juna kafin ka sake gwadawa.

Yaron ya koma gida da takardar gwaji guda biyu daga wurina. Da daddare ya turo mini hoto: ruwan burtsatsensu ya nuna 7.6, gishirin kuma da ɗan yawa. Ya rubuto, "Kawu, ke nan mai jan cikin." Yanzu akwatinsa mai lita 90 yana ɗakin mahaifiyarsa na gabas, da yashi da tukwane biyu da guntun soson da na yanko masa, matata tana ta aiki ba kifi ko ɗaya a ciki. Mun yi da shi zai kawo mini sakamakon gwajin amoniya duk Juma'a, sai ya yi sifili sau biyu a jere sannan a kira Legas.